Kaset ɗin da ya maƙale a ɗakin Yamusa

Ranar da aka kawo wa Yamusa talabijin, ruwa aka tashi da shi, aka kuma wuni ana yi. Irin ruwan tsakiyar damina ne, ba tsawa ba iska, yana sauka a hankali kamar ba shi da niyyar ɗaukewa. Hadari ya rufe kawunan duwatsun da ke bayan Dutse Alhaji, ƙananan hanyoyin da suka ratse daga titin Bwari duk sun zama jan taɓo, leburorin gine-gine kowa ya fake inda ya samu. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Arziki ya shigo Abuja, duk inda ka waiga bulo ne da rodi da tulin yashi.

Yamusa maigadi ne. Gidan da yake gadi na Oga Abdulmajeed ne, wani babban ma'aikaci a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya. Gidan bene ne, an gama masa komai har fenti da labule, amma ba a taɓa kwana a cikinsa ba, don mai shi yana zaune da iyalinsa a gidan gwamnati cikin gari, kusa da ofis da makarantar yara. Yamusa kaɗai ne mai numfashi a wurin, a wani ɗan ɗaki a bakin get. Aikinsa shara, ban ruwan fulawa, da buɗe wa motar da ba ta cika zuwa ba.

Ran nan ta zo, da akori-kura a bayanta cike da tsofaffin kujeru da za a jibge a gareji. Da aka gama saukewa sai Oga Abdulmajeed ya sa direba ya shigar da talabijin da bidiyo ɗakin gadi.

"Baba, ga wannan ya riƙa ɗebe maka kewa. Mun sayi na faifai, Hajiya ta ce ba ta son ganin wannan a falonta."

"Yallaɓai, ni da ban iya kunnawa ba?"

"Ba wuya. Nan ka danna ya tafi, nan ya tsaya, nan ya koma baya. Akwai kaset a ciki, ya maƙale, ya ƙi fita. Don Allah kada ka zungure shi da wuƙa."

"Na mene ne, yallaɓai?"

"Wani tsohon fim ne na Turawa, masu kamun kifi. Ai kai mutumin ruwa ne, zai yi maka."

Ya ja lemarsa ya shige mota.

Mutumin ruwa ne kuwa. A wani ƙauye a gaɓar Kwara aka haife shi, ƙasar Yawuri. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka. Amma ban da su, mutanen gidansu suna da wani aiki. In dorina ta addabi gonakin shinkafa ko ta fara kifar da kwalekwale, su ake kira. Su fita da zago, wato ƙaton mashi mai ƙugiya da igiya a gindinsa, wasu su dawo da nama, wata rana kuma wani ba ya dawowa.

A gidan nasu akwai abin da ake yi ranar fita. Da zarar kwalekwale ya bar gaɓa, duk wanda yake jinin waɗanda ke ciki sai ya juya wa kogi baya ya zauna. Uwa, mata, ƙane, ɗa, kowa. Tsofaffi suna cewa idon mai ƙaunarka nauyi gare shi, in ya bi ka cikin ruwa yana iya danne ka. Sai a samu bare, wanda bai haɗa komai da gidan ba, shi zai tsaya yana kallo. In an gama sai ya zagayo gaban waɗanda ke zaune, ya kira sunayen waɗanda suka dawo. Wanda bai dawo ba, ba a kiran sunansa. Shiru kawai mai faɗar zai yi, a gane.

Yamusa yana saurayi ranar da wata Banufiya mai sayen busasshen kifi ta zagayo gabansu ta kira sunan ubansa, ta kira na kawunsa, ta yi shiru. Wansa Manniru ne bai dawo ba.

Bayan haka shekaru suka tafi. Kifi ya ragu, dorinar ma ta ja can nesa. Matarsa Rekiya ta rasu, 'yarsu ɗaya tana aure a Kontagora. Wani ɗan garinsu ya ce masa ana neman dattawa masu amana a Abuja. Ya naɗe tabarmarsa ya biyo shi.

Sai da aka yi kwanaki kafin a kawo wuta da rana tsaka. Yamusa ya yi bisimilla ya danna inda aka nuna masa.

Turanci dai ba ya ji. Amma da ya ga mutane suna hawa wani ƙaton jirgi na katako, mai manyan yadudduka a sama da iska ke turawa, sai ya gyara zama. Jirgi ya bar gari, ruwa ya buɗe. Yamusa ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana neman ƙetare. Babu. Ruwa ne kawai har inda sama ta sauko. Ya ce, "Ikon Allah," ya koma ya zauna.

Can sai ga kifin. Bayansa kaɗai ya fi ɗakin gadi, yana feso ruwa ta tsakar ka. Yamusa ya ce lalle irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa ne. Mutanen suka sauke ƙananan kwalekwale daga jikin jirgin, suka bi shi da tuƙi. Wani dogo ya miƙe a goshin kwalekwale, ya tokare gwiwa da katako, ya ɗaga zago sama da kafaɗa. Yamusa bai san lokacin da shi ma ya miƙe tsaye ba. Tsayuwar mutanen gidansu ce, ba ragi. Har yadda yake ɗan jinkirtawa kafin ya saki.

Suka kashe kifi, suka ja shi gefen jirgi, suka yanyanka kitsen suna narkawa a manyan tukwane. Wannan duk Yamusa ya gane, neman abinci ne. Abin da ya dame shi shugaban jirgin. Tsoho ne mai ido ɗaya, ba ya ci da kowa, ba ya dariya. In ya tara mutanensa sai ya nuna mataccen idon, ya nuna teku, ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Akwai wani kifi guda a cikin kifayen, mai tsofaffin ƙarafa a kafe a gadon baya. In an ga wasu kifayen sai tsohon ya ce a wuce. Shi wancan yake nema.

Yamusa ya girgiza kai ya ce wa talabijin, "Kai ba mai kake nema ba. Ramuwa ka fito, ka kuma kwaso 'ya'yan mutane."

Aka daɗe ana tafiya. Sai wata safiya a cikin fim ɗin mai leƙe daga saman jirgi ya ƙwala ihu. Ga kifin mai ƙarafa. Aka sauke kwalekwale duka, tsohon da kansa ya shiga ɗaya, dogon nan ya ɗauki zagonsa ya shiga. Suka bar jikin jirgi.

Yamusa bai yi shawara da kansa ba. Sai dai kawai ya ga yana kallon bango, ga rigarsa ta Juma'a rataye a ƙusa. Ya juya baya ya zauna, hannuwa kan gwiwa. Ta bayansa ya ji ihu, ya ji ruwa yana dukan ruwa, ya ji katako ya tsage, ya ji ƙararrawa. Daga nan kiɗa mai sanyi, marar gaya maka komai. Sai ƙarar shuuu. Bidiyon ya yi ƙas, ya fara mayar da kaset baya da kansa.

Ya zauna yana jira. Sai daga baya ya tuna ba wanda zai zagayo gabansa.

Yamusa ba wawa ba ne. Ya san wasan kwaikwayo ne, ya sha ganin majigi a Yelwa yana yaro. Ya ce gobe in an kawo wuta zai kalla har ƙarshe. Gobe ta yi, aka zo wurin, wuyansa ya ƙi. Jibi ma haka. Daga nan ya daina gwadawa. In an zo sauke kwalekwalen ƙarshe sai ya danna tsayawa, ya mayar da su farko, su sake hawa jirgi da ƙunshin kayansu suna raha.

A haka ya saba da su. Ya raɗa musu sunaye. Shugaban shi ne Mai Ido Ɗaya. Mai jifan zago Dogo, wanda in ya juya baya kafaɗunsa sak na Manniru. Akwai Mai Sarewa, mai busa in iska ta kwanta. Akwai Kuku, wani tsoho mai ludayi da ba ya fita farauta, kullum yana faɗa da masu satar masa nama. In Yamusa zai ci abinci yakan jira lokacin da su ma suka zauna ci. Yakan yi wa Kuku tsiya a kan miyarsa. In an ɗauke wuta ana tsakiyar tafiya sai ya ce, "To, ku huta," ya ɗauki tsintsiya.

Wata rana Oga Abdulmajeed ya zo duba rufin da ke yoyo. Lokacin wayar hannu ta shigo, tasa ba ta barin kunnensa. Yamusa ya bi shi har mota, ya jira ya sauke ta.

"Yallaɓai, mutanen nan kuwa sun dawo?"

"Waɗanne mutane? Masu gyaran rufi?"

"Na cikin kaset."

Oga Abdulmajeed ya yi dariya har ya dafa mota. "Wallahi Baba ban sani ba. Asalinsa littafi ne, ƙato kamar bulo. An ba mu shi a jami'a, ban kai rabi ba. Fim ɗin kuma barci yake sa ni. Ka kalla mana, ba ga shi a ɗakinka ba?"

Wayar ta sake ƙara. Ya ɗaga wa Yamusa hannu, direba ya ja.

Sai Yamusa ya yi tunanin Surajo, mai shayin bakin titi, inda yakan sayi burodi. Bakano ne, matashi, mai surutu. Bai haɗa komai da mutanen jirgi ba, ya isa bare. Yamusa ya daɗe yana juya maganar kafin ya fitar da ita, kuma bai faɗi dalili ba. Ya ce dai akwai fim, ya zo ya gani. Surajo ya zo da azahar, lokacin da ba ciniki, ya baje kan tabarma.

Ba a yi nisa ba ya fara.

"Baba, ina 'yan matan?"

"Babu."

"Waƙa fa?"

"Akwai mai sarewa."

"Sarewa! To wane ne bos ɗin? Kifi? Haba Baba, kifi ne bos?"

Yamusa ya ce ya dai yi haƙuri ya kalla. Da aka zo wurin sai ya ce, "Surajo, ka buɗe ido da kyau, ka gaya mini wanda ya dawo." Ya juya baya. Aka fara ihu, katako ya tsage. A tsakanin ihun sai ya ji wani sauti da bai taɓa ji a kaset ɗin ba. Minshari ne.

Da bidiyon ya yi ƙas Surajo ya farka yana goge baki. "Kai, fim ya yi kyau! Sun kashe shi, Baba. Suka kai shi gida, aka yi biki, mai ido ɗayan nan ya yi aure."

"Wa ya jefa zagon?"

"Wannan... mai hular nan."

"Duk da hula suke."

Surajo ya dube shi, ya dubi yadda yake zaune fuska ga bango, sai ya fashe da dariya. "Wai Baba tsoro kake ji? Kifin talabijin?"

Kashegari duk teburin shayi ya ji. Daga ranar, in Yamusa ya tunkaro sai 'yan acaɓa su fara: "Sarkin Ruwa! Mutanenka sun iso kuwa? A ɗora musu shayi?" Ba da mugunta suke yi ba, shi ma yakan yi murmushi. Amma ya koma sayen burodi da sassafe kafin su taru, kuma bai sake roƙon kowa ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Unguwar ta cika. Filayen da Gwarawa ke noma doya duk suka zama gidaje masu dogayen katangu da waya a sama. Maƙwabta suna shiga da mota suna fita da mota, gilashi a rufe. Masu gadinsu 'yan kamfani ne masu inifam, kafin ka riƙe sunan mutum an canza shi. Da Sallah Yamusa yakan je idi ya dawo ya zauna. 'Yarsa takan aiko da gaisuwa in an samu mai zuwa. Sau ɗaya ya hau mota ya je wajen Ushafa don an ce masa akwai dam. Ya ga ruwan daga nesa, shimfiɗe tsakanin duwatsu, ba kwalekwale ko ɗaya a kai. Ya tsaya har rana ta yi zafi, ya sayi randa a wurin masu tukwane ya dawo.

Kaset kuma ya fara tsufa. Layuka suka riƙa ratsa hoton, launin teku ya koɗe ya koma kamar ruwan wanki. Muryar Mai Ido Ɗaya takan ja kamar mai maye. Yamusa ya rage kunnawa, yana tsoron ranar da zai tsinke alhali mutanen suna tsakiyar ruwa.

Sai ga Oga Abdulmajeed wata Laraba tare da wasu mutane masu riƙe da taswirar gini. Suka zagaya suna nune-nune. Da za su tafi ya kira Yamusa gefe, ya sunkuyar da kai.

"Baba, na sayar da gidan. Otal za su mai da shi, kuma da masu gadinsu za su zo. Na yi musu magana, sun ce tsarinsu ke nan. Ka yi haƙuri. Ba zan bar ka haka ba, za mu san yadda za a yi."

"Ba komai, yallaɓai. Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Ran Asabar da la'asar mota za ta zo ta kwashe tarkacen gareji da sauran kayan wuta. Na riga na haɗa su duka na ba masu gwangwan."

Yamusa ya tuna mutanensa na cikin kaset. Bai saba roƙon abin da ba nasa ba. Ko ya roƙa ma, ina zai kai talabijin, shi da bai san inda zai kwana ba?

A duk unguwar mutum ɗaya ce ke ƙwanƙwasa get ɗin nan kullum. Angelina, mai sayar wa leburori shinkafa da wake a cikin baro. Mutuniyar Filato ce, daga kan duwatsun Pankshin, mijinta Jacob birkila ne. Kullum da hantsi takan zuba wa Yamusa a kwanonsa, ta ƙara masa romo ba tare da ya ce ba. Ran Juma'a ta buɗe kwanon ta tarar da na jiya ba a taɓa ba.

"Baba, abinci na ya yi maka laifi ne?"

"A'a, Angelina."

"Na ji labarin gida. Kai ne kana damuwa? Allah yana nan. Jacob ya san wani a Ushafa."

"Ba gidan ba ne."

Ta ajiye ludayi ta dube shi. Shi kuma, da yake gobe Asabar, sai ya gaya mata. Ya gaya mata gaɓar Kwara da zago da juya baya, da Banufiyar nan, da mutanen cikin kaset. Yana magana yana kallon ƙasa, yana jiran dariya. Ba ta zo ba.

"Baba, ka san dai wasa ne, ko? In an gama, duka suna tashi su je su sha shayi."

"Na sani."

"To?"

"Na sani, Angelina. Wuyana ne bai sani ba."

Ta goge hannu da zane. "Ni mutumin dutse ne fa. Ruwan da ya wuce gwiwa, ba na shiga. Ko a talabijin yana juya mini ciki."

"Shi ya sa kika dace. Ba ki haɗa komai da su ba."

"Yaushe?"

"In an kawo wuta."

Ranar ba a kawo ba. Asabar da safe ma shiru. Yamusa ya ɗaure kayansa a buhu, ya share ɗaki, ya share tsakar gida duk da ba mai gani. Angelina ta kafa baronta a bakin get maimakon wurin da ta saba, tana sayarwa tana leƙen ƙwan fitilar da ke saman ƙofa. Rana ta take, ta fara karkata. Yamusa ya yi azahar ya zauna kan buhunsa.

"Baba! Wuta ya zo!"

Ya juyo da talabijin ya fuskanci ƙofa, ya ajiye mata benci a bakin ɗaki, ƙofa a buɗe. Ba lokacin farawa daga farko, sai ya tura gaba yana tsayawa yana nuna mata.

"Wannan Mai Ido Ɗaya."

"Fuskansa kamar mai gidan hayanmu."

"Wannan Dogo. Ki riƙe shi da kyau. Wannan Mai Sarewa. Wannan Kuku."

"Shi ne mai abinci? Kai, dubi tukunya. Ba ya wankewa ne?"

"In an gama ki zagayo gabana. Ki kira sunan wanda ya dawo. Wanda bai dawo ba kada ki kira."

"In duka sun dawo fa?"

"Sai ki kira duka."

Wasu leburori biyu suka leƙo ta get da kwanoninsu. "Madam, abinci!"

"Ku jira. Ina aiki."

"Aikin kallon fim?"

"Na ce ku jira, ko ku je ku ci siminti."

Mai leƙe ya ƙwala ihu daga saman jirgi. Aka fara sauke kwalekwale. Yamusa ya fita tsakar gida, ya zauna a ƙasa, baya ga ɗaki, fuska ga babban gidan da ba a taɓa kwana a ciki ba. Ya ɗora hannuwa kan gwiwa.

Ya ji tuƙi. Ya ji muryar tsohon tana ja. Kaset ya yi wani kuka kamar zai tsinke, Yamusa ya runtse ido, sai ya ci gaba. Ruwa ya daki ruwa. Angelina ta ce, "Yesu!" Katako ya tsage. Ya ji benci ya motsa, ya ji ta ce, "Ka sake igiyan! Sake mana!" Ƙararrawa. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Kiɗan nan mai sanyi ya zo ya wuce. Shuuu. Ƙas.

Ya ji takun silifas ɗinta. Ta zagayo ta tsaya gabansa. Ta gyara ɗaurin zane, ta haɗa hannuwa kamar mai tsayuwa a coci.

"Kuku," ta ce.

Yamusa ya jira. Wata mota ta wuce a waje. Leburorin da ke bakin get su ma sun yi tsit.

"Kuku ai bai fita ba."

"Shi kaɗai na gani, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunta. Ya so ya tambayi Dogo, ya tuna ba a tambaya.

"Yana ina, Kukun?"

"A bakin babban jirgi. Ya riƙe katako yana kallon ruwa."

"Tun fitarsu yake kallo?"

"Tun fitansu. Ana nuna su, ana nuna shi."

Yamusa ya gyaɗa kai a hankali. "Ba wanda ya gaya masa ya juya baya," ya ce.

Ya yi innalillahi a ƙasan maƙoshi, ya shafa fuska. Ya ce, "Kin yi mini abin da ba kowa ke yi ba. Allah ya raya miki zuriya." Ta ce amin, ta juya da sauri tana faɗa da leburori wai sun tsaya mata a kai kamar ba su taɓa ganin shinkafa ba. Da ta sallame su sai ta wanke kwanonsa, ta zuba masa, ta ajiye a gefensa. Ya ci.

Da la'asar motar ta zo. Masu kwasar kaya suka tambaya ko bidiyon yana aiki. Ya ce yana aiki, sai dai akwai kaset a ciki da ba ya fita. Suka ce ba ruwansu da kaset, ƙarfen ciki suke so. Ya taya su ɗorawa.

Oga Abdulmajeed ya cika alkawari, ya sallame shi da mutunci, ya ce in yana so a mai da shi Yawuri. Yamusa ya ce wa zai tarar. Jacob ne ya kai shi wurin mutumin da ya sani.

Yanzu Yamusa yana Ushafa, a wani ɗaki bayan gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane. Shi ke gadin rumfar da ake shanya su, ranar gashi kuma ya taya jera itace. Idonsa ya yi rauni, amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa.